Gajeren labari ma ya cancanci kyauta

Gaskiya na ji daɗi da na ga wani littafin gajerun labarai ya shiga jerin ƙarshe na wata gasar littattafai, musamman yadda alƙalan suka yaba cewa kowane labari yana tsaye da ƙafarsa amma in ka haɗa su sai ka ji kamar gida ɗaya suka fito. Wallahi wannan shi ne abu mafi wuya, duk wanda ya taɓa gwada rubutu ya sani. A dogon labari kana da shafi ɗari uku ka yi ta jan zare, amma a gajere shafi goma ne kawai, dole tun layin farko ka cafke mai karatu, in ka ɓata sakin layi ɗaya shi ke nan labarin ya mutu. Ni akwai wanda na karanta, mace ce kawai tana ninke kayan mijinta da ya rasu, ba a ce tana kuka ba ko sau ɗaya amma sai da na ajiye littafin na yi shiru.

Abin da ke ba ni haushi masu buga littattafai sai su ce wai gajerun labarai ba sa sayuwa, alhali Alice Munro, marubuciya 'yar Kanada, da su ta ci kyautar Nobel ta adabi a 2013, sannan a 2025 Banu Mushtaq ta Indiya ta lashe International Booker, kyautar littattafan da aka fassara zuwa Turanci, da tarin gajerun labarai, wanda aka fassara daga harshen Kannada. Don Allah alƙalai kar yabon ya tsaya a baki, in ya cancanta a ba shi kyautar kawai.