Yaƙin Hitila ba na masu kaki kaɗai ba ne

Wanda ya rubuta jiya cewa ma'aikatan jiragen ruwa na haja ba sa cikin 'yan mazan jiya, wai don ba su taɓa riƙe bindiga ba, ya cancanci a yi masa jinjina kan ƙarfin hali. To, malam masani, gyaɗar da aka loda a Kano, jirgin ƙasa ya sauke ta a Legas, fiffike ta yi ta isa Ingila?

Mutane ne suka tsallaka da ita Tekun Atlantika, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna farautarsu dare da rana. Tsakanin 1939 da 1945 fiye da ma'aikata 30,000 na jiragen kasuwancin Birtaniya suka halaka, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma da kamfanin Elder Dempster yake ɗauka a Legas da Firitawun ta ƙasar Saliyo, da yawansu a can ƙasan jirgi suna zuba kwal a wuta, inda ba kasafai ake tsira ba idan ruwa ya shigo. Kafin 1941 ma, ranar da jirgi ya nutse, ranar ake tsayar da albashin mutum, ko da yana kan kwale-kwale yana jiran ceto.

A ƙauye ma an yi yaƙin nan. Kakata ta sha ba mu labarin yadda gishiri ya ɓace a kasuwa, kananzir ya gagara, zane ya yage ba a sami na sakewa ba, kuma ba ta taɓa ambaton shekarun ba tare da ta yi tsaki ba. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Turawa suke samun kuza, a 1942, Turawa suka juyo kan kuzar Jos, dagatai suka riƙa tattara samari ana tura su haƙa ala tilas, abin da ake kira ɗiban gwamna. Sanyin dutse da yunwa suka kashe da dama, gonaki suka koma hannun mata da tsofaffi.

Wai ai an biya su. Sojan da aka kai yaƙi ƙasar Bama kyauta ya je? Wai labarin tsofaffi ba hujja ba ne. Wa ya bi su gida da alƙalami suka ƙi magana?