Hajiya, wa ke karɓar kuɗin 'yar aikinki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau maganata da mu mata ce, amma maza ku tsaya ku ji, ba ku fita ba.

Jiya da la'asar a Kwangila, nan Zariya, wata mata ta sauko daga mota da yara mata guda huɗu, kowacce rungume da ƙullin kayanta a baƙar leda. Babbar cikinsu ba ta wuce shekara 12 ba. Ƙaramar kuwa silifas ɗinta wari da wari, sai waige-waige take. Matar ta ciro waya tana faɗa da ƙarfi: "Hajiya an samo miki. Wannan ba ta da ƙiwa, kuma ba ta da ci." Kamar ana cinikin tunkiya. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

A 2017 da CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a Libiya, ana sayar da ɗan Adam dala 400, duk mun yi salati mun la'anci masu yi. A 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Muka ce Allah ya isa. To wanda ake yi a Tudun Wada da Samaru da Gyallesu da cikin birni fa? Shi me sunansa?

Dillaliya ta shiga ƙauye, ta sami uwa da talauci ya ci ƙarfinta, ta ce kawo yarinya ta tara kuɗin kayan ɗaki. Ta kawo miki. Ƙarshen wata ke ba yarinya kike ba kuɗi ba, ba uwarta kike aika wa ba, dillaliya kike miƙa wa. Nawa ke isa ƙauye? Ba ki taɓa tambaya ba. Sunan mahaifin yarinyar ma ba ki sani ba. In ta yi wata shida ta saba, sai a ɗauke ta a kai wani gida inda aka ƙara farashi.

Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta ɗauko wa ɗiyarki jakar makaranta ta raka ta bakin Keke Napep, sa'arta ce fa, sannan ta dawo ta goya jariri. Islamiyya ma ba ki sa ta ba. Ƙanzo nata, tsumma nata, kwana a ƙasan kicin. Cokali ya ɓace, ita ce ɓarauniya. In kuma wani a gidan ya lalata ta, sai a kira dillaliya da dare a ce zo ki ɗauki kayarki. Haba Hajiya! Ke da kike azumin Litinin da Alhamis?

Ba mu manta hadisin Bukhari ba, mun dai yi kamar ba da mu yake ba. Allah ya ce mutum uku Shi da kansa ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama cin guminsa bai ba shi ladansa ba. Dillaliya ta ji tsoron na farko, ke ki ji tsoron na biyu. Ko bawa na gaske, Annabi (SAW) cewa ya yi a ciyar da shi abin da ake ci, a tufatar da shi abin da ake sawa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Balle 'yar mutane.

Na san za a ce taimako ne, a gidansu ma yunwa take ji. Gaskiya ne akwai talauci, kuma akwai matan kirki da suka riƙe 'yar wani tamkar tasu har suka aurar da ita, Allah ya saka musu. Amma mai taimako ba ya tsoron iyayen yarinya su san ƙofar gidansa.

Ku kuma iyaye, hannun nan ne dai ke zuwa da daɗin baki: aiki a Saudiyya, aiki a Oman, biza kyauta. Yarinya na sauka a karɓe fasfo, a ce sai ta biya bashin da ba ta san ranar da ta ci ba. Alhaji, kai ne uba, ina kake aka fita da ita?

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, kuma dokar 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da ɗauri.

Don Allah 'yar uwa, yau ɗin nan ki kira yarinyar ki zaunar da ita. Ki tambaye ta garinsu da sunan babanta, ki nemi lambar mahaifiyarta ki ji ko kuɗin na isa. Ki sa ta makaranta. In ƙarama ce ki mayar da ita gida da kanki, kada ki ba dillaliya. Don Allah ki mayar da ita.