Imel ɗin da ke cikin wayarka, kai ka buɗe shi?

Kullum ana ta kuka cewa Facebook da Google suna leƙen asirinmu. Ba na musu. A watan Yulin 2024 ma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake juya bayanan 'yan Najeriya. Amma ni a ganina, a Kanon nan ɓarakar da ta fi yi mana illa a gabanmu ake yin ta, muna kallo, har mu ce sannu da aiki.

Ku tsaya a Farm Centre ko kasuwar waya ta titin Beirut ku gani. Alhaji ya sayi sabuwar waya a kwali, ya miƙa wa yaron shago: "Ɗan saita mini ita." Waya ta nemi Gmail. Alhaji bai san nasa ba, ko ma bai taɓa sanin yana da shi ba. Nan take yaro ya buɗe sabo, ya sa sunan Alhaji da shekarar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri. Da aka zo wajen lambar da za a turo wa saƙo idan an manta, sai ya sa tasa, don layin Alhaji yana cikin tsohuwar waya a mota. Ya ce, "An gama, Alhaji." Aka ba shi na shayi, aka rabu lafiya.

Yawancin yaran nan ba su da mugun nufi, sauri kawai suke yi saboda wani na jira. Amma duba abin da aka bari a hannunsa. Lambobin mutanenka suna taruwa a wannan imel ɗin. Hotunan iyali, in Google Photos a kunne yake, can suke hawa. Hirarrakin WhatsApp da muke taƙama an kulle su tun 2016, kwafinsu yana zuwa Google Drive, ma'ajiyar da ke haɗe da imel ɗin, kuma shi kwafin ba ya samun irin wancan kullin sai ka shiga ka kunna da kanka. A 2021 aka kawo wannan zaɓin. Wanda ke riƙe da imel ɗinka yana iya sauya maka kalmar sirrin Facebook kana barci. Kamar ka gina gida ne ka sa ƙofar ƙarfe, makullin kuma yana aljihun magini.

Haka abin yake a kafe lokacin rajistar JAMB. Ɗalibi ya bar takardar NIN ɗinsa da hotonsa a kwamfutar da kowa ke zama a kai, imel ɗinsa a buɗe, ya tashi ya tafi. Iyayenmu mata kuwa abin nasu ya fi ban tausayi, wayarsu tana yawo hannun 'ya'ya da jikoki da yaran maƙwabta.

Sai masu kiran nan: "Salamu alaikum Malam, za mu sa ka a guruf ɗin tallafi, karanto mana lambobi shidan da suka shigo." Kana karantowa WhatsApp ɗinka ya tafi, kafin la'asar an fara roƙon kuɗi da sunanka. Maganinsa yana cikin saitin manhajar, wata lambar sirri ta biyu da kai kaɗai ka sani, ba ta cin minti biyu.

Muna da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma abu ne mai kyau. Sai dai hukuma ba za ta bi ka shago ba. Yau da daddare ka shiga saitin asusunka na Google, ka duba lambar wa ke ciki, ka duba wayoyin da aka buɗe shi a kansu, ka cire duk wadda ba ka gane ba, ka sauya kalmar sirri. In za ka sayar da waya ko ka yi musanye, ka fitar da imel ɗin tukuna, ka goge ta gaba ɗaya, ka zare memori, sannan ka miƙa.