A cika kantin magani kafin a tilasta wa mutane inshorar lafiya

Watan jiya na raka kawuna wani asibiti a nan Zariya. Ma'aikacin gwamnati ne, yana da katin inshora, kuma duk wata ana zabtare masa wani abu daga albashi. Tun bayan asuba muka kama layi, sai dab da azahar likita ya duba shi ya rubuta masa maganin hawan jini iri uku. A tagar kantin magani, ma'aikaciyar ta ja layi ƙarƙashin biyu ta ce, "Baba, waɗannan babu, sai dai ku duba waje." Kawu ya ninke takardar ya cusa a aljihun gaba, muka nufi kemis.

Wannan "babu" ɗin nake so masu tsara gyaran harkar lafiya su zo su ji da kunnensu. Dokoki kam muna da su. A 2005 aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Mayun 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, da alkawarin asusu na musamman ga marasa galihu miliyan 83. Jihar Kaduna ma tana da tata hukumar inshorar lafiya, KADCHMA. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Yanzu magana ta koma kan faɗaɗa rajista, a shigo da masu zaman kansu. Ina goyon baya, domin na ga gidan da tiyata ɗaya ta raba shi da gona. Amma ɗan acaɓa a Kwangila, da mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, da manomin masara a Soba, ba su da albashin da za a yanka kafin ya shigo hannu. Da ƙafarsu za su kai kuɗin, kuma kafin su kai sai sun tambayi wanda ya riga su shiga. Bahaushe ya san adashe sarai: yana zubi ne don ya ga maƙwabci ya kwasa ranar da aka yi alkawari. Ranar da uwar adashe ta fara cewa a dawo gobe, zubi ya tsaya.

Saboda haka a fara da biyan asibitoci haƙƙinsu a kan kari, a kuma daidaita kuɗin da tsadar magani. Asibitin da aka riƙe wa kuɗi wata da watanni dole ya fifita mai biya nan take. Idan an ce babu magani, mai kati ya sayo a waje, a mayar masa da kuɗinsa cikin mako guda, ba tare da ya san kowa a ofis ba. Ƙananan asibitocin mazaɓu 255 na jihar kuwa su samu ungozoma da magani, don kada mai zazzaɓi ya riƙa tafiya har asibitin koyarwa na Shika.

Wajen karɓar kuɗi ma a yi la'akari da yadda mutane ke samu. Manomi da kaka yake da kuɗi, a karɓi na shekara a lokacin. Sannan akwai masu ƙyamar inshora saboda shubuha ta addini. Zariya ba ta rasa malamai ba. A zauna da su a fayyace tsarin bisa taimakekeniya irin ta takaful, wato inshorar Musulunci.

Ranar Juma'a wani tela maƙwabcinmu ya tambayi kawu ko ya yi wa iyalinsa rajista. Kawu ya laluba aljihu ya miƙa masa rasit ɗin kemis.