Ranar da na koma tsire a hanyar Pitowa

Ni dai tun tasowata fuskata mai maiƙo ce, irin wadda in rana ta take a Garwa wajen watan 3 ko 4 za ka iya goge goshina ka soya ƙosai biyu. Don haka ban taɓa sanin wani abu wai shi man shafawa ba, sabulun wanki nake wanke fuska da shi, wanda ake yanka da wuƙa ɗin nan, in goge da tawul in fita.

To bana da hunturu ya shigo sai na ƙara da ruwan zafi, kullum asuba sai Maman Ummi ta ɗora min tukunya. Kwana kamar 10 sai na ji fuskar ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu, in na yi dariya sai in ji kamar za ta yage, ga wasu 'yan layuka sirara a ƙarƙashin ido, amma abin mamaki hancina na nan yana ƙyalli da mai kamar kullum. Na ce shikenan bushewar fata ta kama ni.

Ranar lahadi akwai ɗaurin aure a Pitowa, wani gari kusa da Garwa, ga shi ranar kasuwa. Na lallaɓa ɗaki na buɗe gwangwanin man kaɗanyar Maman Ummi da take ɓoyewa bayan kwanuka, na kwaso da yatsu uku, ba biyu ba, uku, na dambara tun daga goshi har wuya. Na sa farar shadda na hau moto.

Jama'a, wanda ya san ƙurar hunturu a hanyar nan ya san sauran labarin. Duk babbar motar da ta wuce sai ta bar min tsarabarta, ƙurar kuma ta samu wajen zama ta ƙi tashi. Ko da na sauka na koma kamar tsiren da aka birkiɗa a ƙuli, ido biyu kawai ke fari. Wani yaro ya kalle ni ya ruga bayan babansa. Abokina da muka yi shekara 20 tare ya miƙo min hannu yana cewa sannu da zuwa baƙo, daga ina? Wlh ban tsaya cin shinkafar ba.

Bayan kwana uku ƙuraje suka fito a goshi sahu sahu kamar masu jiran taksi, kuma ɗaurewar tana nan ba ta je ko'ina ba.

Ana haka ƙanwar matata ta zo, tana aiki a wani farmasi a Yelwa, kuma kun san ƙanwar mata, ba ta raga maka. Sai da ta yi dariya har da riƙe ciki sannan ta ce Yaya kawo fuskar. Ta ɗan tsunkuli kumatuna a hankali ta ce kalli madubi, sai ga wajen ya yi 'yan tamoji ƙanana kamar ledar da aka murza. Ta ce Yaya fuskarka ƙishirwa take ji kai kuma ka ɗura mata tuwo.

Wai ashe abu biyu ne. Akwai fatar da mai ne ya yi mata kaɗan, haka Allah ya halicce ta ko shekaru suka kawo, ita ce ke yin garje tana fari fat tana ɓarewa, wani lokaci har ta tsage. Akwai kuma wadda ruwa ne ya tsere mata, wannan kowa na iya samu har mai maiƙo irina, iskar hunturu ta zuƙe, sabulu mai kaifi da ruwan zafi su wanke ɗan abin da ke tare ruwan, sai ka ga mutum na ƙyalli amma fatar a ɗaure. Na ce to ni ba ni da bushewar fata kenan? Ta ce ɗaga wandonka.

Na ɗaga. Ƙwaurina fari kamar na yi dambe a cikin toka, ta ja farce a kai ta rubuta sunanta ya fito raɗau, ga faso a diddige da za ka iya ɓoye sefa 25 a ciki. Ta ce ga masu yunwar nan, ƙwauri ba shi da wuraren fitar da mai sosai, tafin ƙafa kuma babu sam, su ne ke son man kaɗanya da basilin, ka shafa da zarar ka fito wanka jiki na da danshi, da dare ka cika diddigen ka sa safa. Wato shekara da shekaru masu haƙƙi na ƙasa suna kuka, ranar da na tashi rabon mai na kai wa wanda rumbunsa ke cike.

Fuskar kuma ta ce in bar sabulun wanki wa kaya, ruwa ya zama mai ɗumi kawai, in sa ɗigo biyu na gilisirin a tafin hannu da ɗan ruwa in shafa, sannan in bi da mai mara nauyi kaɗan, don gilisirin jawo ruwa yake, in ba a rufe shi ba a busasshiyar iskar nan aikin banza ne. In kuma dinga shan ruwa, wai shayi kofi 6 a rana da nake taƙama da shi kar in ce mata komai a kai.

Sati biyu fuskar ta saki, ƙurajen suka kama gabansu. Saura rigimar gwangwani, don Maman Ummi ta ga sawun yatsu uku a ciki ta auna da nata bai yi daidai ba, yanzu haka na biya sabo, ta kuma canja masa maɓoya. Ni kuma ta yanko min nawa a murfin kwalba, ta ce na ƙafa ne Baban Ummi, ƙafa, in ta ƙara ganinsa sama da gwiwa za ta kira ƙanwarta.