Garin da aka raɗa wa sunan mutumin da bai taɓa taka shi ba

A jihar Oregon ta Amurka, daidai inda kogin Kolumbiya ke shiga tekun Fasifik, akwai wani ɗan gari mai suna Astoria, mutanensa kamar dubu goma. Abin alfaharinsu shi ne wai su ne mazaunin Amurkawa na farko a yammacin duwatsun Roki, tun 1811. To, ni dai wannan labari na "waɗanda suka sari daji" yana ba ni haushi.

Sunan garin daga John Jacob Astor ya samo asali, attajirin fataucin fatu da ke zaune a New York. Ko sau ɗaya bai leƙa wurin ba, kuɗi kawai ya zuba. Jirgin ruwansa, Tonquin, ya iso a watan Maris na 1811, kuma tun kafin su sauke kaya, mutum takwas suka halaka a bakin kogin, saboda tudun yashi da igiyar ruwan da har yau matuƙa ke shakka.

Wa ya karɓe su? Mutanen Chinook da Clatsop, waɗanda suka gaji wurin kaka da kakanni, suna kamun kifin salmon, suna fatauci da kwale-kwale tun daga gaɓar teku har can cikin ƙasa. Sarkin Chinook, Comcomly, mai ido ɗaya, ɗan kasuwa ne na gaske. Mutanensa ne suka tsamo shugaban baƙin, Duncan McDougall, ranar da kwale-kwalensa ya kife, kuma a 1813 ya aurar masa da 'yarsa. Kifin da suka ci da fatun da suka saya, da yawa ta hannunsa suka biyo. A wannan shekarar ma kamfanin Astor ya sayar da sansanin ga 'yan kasuwar Birtaniya, aka mai da sunansa Fort George. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan duk jarumtar da ake ta zuzutawa.

Sakayyar ce ta fi ciwo. A 1830 annobar zazzaɓi ta shiga, ta share ƙauyukan Chinook, ta tafi da Comcomly. Bayan shekara biyar wani likitan Bature, Meredith Gairdner, ya tone kabarinsa, ya yanke kan, ya aika Ingila wai don bincike. Kan sarki guda fa, jama'a! Ya fi shekara ɗari a gidan tarihin wani asibitin sojan ruwa. Sai 1953 aka mayar da shi Astoria, sai 1972 danginsa suka samu suka binne shi.

Wani zai ce ai garin bai manta da shi ba. Haka ne, a kan tudun da aka kafa hasumiyar tunawa a 1926, akwai kwale-kwalen siminti da aka yi don girmama shi. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a gefensa. Amma me siminti ya tsinana wa jikokinsa?

A 1851 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da mutanen Chinook a Tansy Point, kusa da Astoria, kan filayensu, majalisar dattawa ba ta taɓa amincewa da ita ba, filayen kuma suka tafi. A Janairun 2001 gwamnatin tarayya ta amince da su a matsayin ƙabila mai haƙƙi, a Yulin 2002 gwamnatin Bush ta soke. Wata goma sha takwas kacal. Tun daga nan suke ta zarya tsakanin kotu da majalisa, suna neman a rubuta a takarda cewa suna nan.