Ba gatari kaɗai ke kashe bishiya ba

Wani labari da na karanta ya ce ƙara tara kan masu sare bishiya ba izini zai ceci itatuwan gari. Ni kam ban gamsu ba, don gini ma yana kashe su a ɓoye. Saiwar bishiya ba ta nutsewa can ƙasa yadda ake zato, yawanci kusa da sama take bazuwa, har ta wuce inda rassa suka tsaya. Maƙwabcina ya haƙa ramin harsashin katanga taku biyu daga gindin wata tsohuwar bishiya, ya datse saiwoyin gefe guda, sannan ya malala siminti kan sauran. Jami'in duba gini ya zo ya auna tazarar katangar da titi, ya sa hannu, ko ɗaga kai bai yi ba. Bayan shekara 3 ganye ya fara bushewa daga sama, sai aka ba da izinin sarewa tunda wai ta mutu. Malam da kake cewa mai fili ke da iko da filinsa, in ta faɗo kan rufinka fa? Me ya hana a tilasta nuna bishiyoyi a zanen gini kafin a amince da shi?